Hannun Saratu a Bidiyo

Ku da kuke zuwa shagona kuna cewa in koya muku aikin nan kafin kasuwa ta zagayo, ku zauna tukuna. Na san abin da kuke gani. Mutum ya miƙo memori, na soka a kwamfuta, na danna nan na danna can, na mayar masa, ya tafi yana dariya. Sai ku ce ai wannan zaman inuwa ne kawai. A inuwa ake yin sa, ban musa ba. Amma tura bidiyo daban, sanin abin da ya hana bidiyo tafiya daban.

Sunana Nasiru, a nan Wurno anka haife ni. Mahaifina manomin albasa ne, kuma da ya ga hannuna ya fi son kwance rediyo a kan riƙon kalme, sai ya kai ni Sakkwato wurin wani abokinsa, Alhaji Ummaru, mai gyaran injin kallon kaset. Aikina na farko a wurinsa shi ne goge kan injin da auduga da kuma naɗe zaren kaset idan inji ya tauna shi. Daga baya faifan CD ya zo ya kashe kaset, kwamfuta da waya sunka zo sunka kashe CD. Sa'annin Alhaji da yawa sun rufe shago sun koma gona. Shi kuwa, da furfurarsa da tabarau a kan karan hanci, ya sayo tsohuwar kwamfuta ya zauna gabanta kamar ɗan makaranta. Ba ya jin Turanci sosai. In ya ga kalmar da ta shige masa duhu sai ya gwada ta a kan bidiyo guda, ya kalli abin da ya canja, ya sake gwadawa, har ya gane aikinta. Ban taɓa ganin mutum mai haƙurin koyo irinsa ba.

Wata rana wani mai saye ya dawo da faɗa. Mun tura masa bidiyo, sunansa ya ƙare da MP4 kamar na kowa, amma wayarsa sauti kawai take fitarwa, fuskar baƙa ƙirin. Na rantse masa irin wanda muke ba kowa ne. Alhaji ya bar mutumin ya huce, ya gyara masa, sannan ya juyo gare ni.

"Nasiru, buhun da babanka ka zuba albasa, ba a zuba tafarnuwa ciki nai?"

Na ce ana zubawa.

"To MP4 buhu na. Kai sunan buhu kaka karantawa. Waya kuwa abin da ke ciki taka dubi."

Abin da ke cikin buhun shi ake kira kodek, wato salon da anka bi anka dunƙule hotunan don su shige ƙaramin wuri. Wayar da ba ta san salon ba, ba za ta iya warware su ba, ko da sabuwa ce dal. Tun daga ranar ba na juya bidiyo sai na tambayi mutum wace waya zai kalla da ita.

Abu na biyu da ya koya mini shi ne turke. Kalmarsa ce, ban ji ta a bakin wani ba. Bidiyo ba jerin cikakkun hotuna ba ne kamar yadda ido ke ɗauka. Don a rage nauyi, ana ajiye cikakken hoto guda, sannan na bayansa ba su ɗauke da komai sai abin da ya motsa. Wannan cikakken hoton shi ne turken, sauran duk a jikinsa anka ɗaure su. In ka ja bidiyo gaba ko baya, waya ba ta iya sauka ko'ina sai a kan turke. In turakun sun yi nisa da juna, sai ka ja nan ta jefa ka can, ko hoton ya dagule ya yi dabbare-dabbare kafin ya dawo hayyacinsa.

Aikin da ya fara nuna mini amfanin wannan, bayan na dawo gida na buɗe shagona, na wani dattijo ne daga Magarya. Da tsufansa ya ɗauki niyyar gyara karatunsa, an tura masa bidiyon wani malami yana karanta sura yana nuna baƙaƙen da yatsa. Ya ce mini duk lokacin da ya so maimaita aya, sai wayar ta mayar da shi farkon sura. "Ɗana, ni da tsufana, kullum ina Bisimilla." Na sake juya masa bidiyon, na kafa turaku kusa da kusa. Fayil ɗin ya ƙara nauyi, na cire masa wasu waƙoƙi da jikokinsa sunka cusa a memorin don a sami wuri. Ya gwada a gabana, ya koma baya aya guda daidai, ya yi ta sa mini albarka har na ji kunya.

Amma yawancin masu zuwa wurinmu sauti ne damuwarsu. Mai ban ruwa a fadama yana jefa waya a aljihu, wa'azi ko waƙa na tashi, hannunsa na cikin laka. Makiyayin Dinawa yana rataye ta a wuya. Saboda haka al'adar sana'ar ita ce a matse hoto iya matsewa, a bar sauti da ƙarfinsa, memori ɗaya ya ɗauki kaya da yawa. Haka kowa ke yi, haka ni ma nake yi, har shekarar da anka yanke mana sabis.

Kun san shekarar, wasunku sun yi wayo. Rashin tsaro ya yi tsanani a gabashin nan, anka rufe layukan waya, anka hana sayar da fetur a jarka, kasuwannin ƙauye sunka tsaya. Janaretona ya zama kujera. Da ɗan faifan sola da batir guda nake lallaɓawa, in hadari ya rufe rana sai in rufe kwamfuta. Sabon kaya ba ya shigowa, masu saye ba sa fitowa. Saƙo ya koma hannun direbobi, kamar zamanin iyayenmu.

A cikin daminar shekarar ne Malam Bello mahauci ya shigo shagona da hantsi, yana riƙe da hannun Sahabi maƙeri. Duk Wurno an san Sahabi. Kurma ne tun haihuwa, kuma babu mai ƙera lauje da kalme irinsa a yankin nan. Shi da Bello tare sunka tashi, Bello ya iya maganar hannu kamar shi ma da ita anka haife shi. Matar Sahabi, Hajo, tana ji tana magana, amma babbar 'yarsu Saratu ta ɗauko mahaifinta, ita ma kurma ce, ta yi makarantar kurame a birni. Kwanaki kafin nan ciwon ciki ya kwantar da Hajo, anka wuce da ita asibiti Sakkwato, Saratu ta bi ta jinya. Sahabi ya tsaya da ƙananan yara.

"Malam Nasiru, ka duba muna wanga abu," in ji Bello. "Ɗiyatai ta aiko daga asibiti. Shi ya ce Hajo ta rasu. Ni kuwa na kalla na kalla, ban iya cewa i, ban iya cewa a'a."

Sahabi ya miƙo mini ƙaramar wayarsa mai madannai. Idonsa ya yi ja. Na kunna. Ga Saratu tsaye a wani baranda, kanta da kafaɗunta ana gane su. Amma da zarar ta ɗaga hannu za ta yi magana, sai yatsun su narke su zama gajimare. Ba abin da ake ji sai hayaniyar asibiti. Wuri ɗaya ne kawai hannunta ya tsaya cik har hoton ya fito: ta rufe ido, ta kwantar da kai a kan tafinta. Daga nan hoton ya sake dagulewa, can gaba ya daskare gaba ɗaya. Sahabi ya karɓi wayar ya danna ta koma baya kaɗan, sai ta jefa shi farko. Ya sake, ta sake jefa shi farko. Tun safe abin da yake yi ke nan.

Na ce, "Wa yam matse shi haka?"

"Samarin tasha na. Direba yaz zo da shi cikin wayatai, ita ma ba ta nuna hoto ba, sai sunka juya shi don shi shiga ta Sahabi."

Ban ga laifinsu ba. Sun yi abin da muke yi wa kowa: sun ƙanƙanta hoto, sun rage yawan hotunan da ke wucewa, sun bar turke guda a farko, sun adana sauti. Sun ajiye abin da Sahabi ba ya ji, sun zubar da abin da yake karantawa. Na sa shi a kwamfuta don Bello ya gani a babbar fuska, gajimaren ya ƙara girma kawai. Na ce masa ya gaya wa Sahabi cewa abin da matsi ya zubar ba ya dawowa, sai an samo na asali. Na ce kuma ya gaya masa kada ya yanke hukunci a kan hoto guda.

Bello ya yi masa bayani da hannu. Sahabi ya dube ni, ya nuna wayar, ya rufe ido ya kwantar da kai a tafinsa, ya buɗe hannuwa yana tambaya: to wannan fa?

Na ce a nemo direban.

Direban ya wuce Goronyo da fasinja, sai bayan azahar zai biyo. Babu waya balle a kira shi. Bello ya koma tasha ya zauna a bakin hanya don kada motar ta wuce, Sahabi ya zauna a bencin shagona. Labari ya riga ya fara yawo, wasu mata har sun nufi gidansa da shirin gaisuwa, sai da Bello ya aika anka tsayar da su. Na karɓe wayar daga hannun Sahabi na sa a aljihuna, don na ga kallon yana cinye shi. Bai yi musu ba. Ya ga ƙafar bencin tana lilo, ya tashi ya nemo dutse da ƙusa ya gyara ta. Ya ga ƙyauren shagon yana gogar ƙasa, ya ɗaga shi ya daidaita. Haka ya yi ta neman abin da zai ba hannunsa har anka kira salla.

Ana gab da la'asar sai ga Bello da direban, wani siririn mutum da ake kira Ɗan Jumma.

"Wallahi ni ban san mi ke ciki ba," in ji shi. "Yarinyar ta same ni tasha da wata mata, matar ta turo min daga wayatta, ta ce a ba maƙerin Wurno. Sunana kawai matar ta tambaya, ta koma wajen nata majinyaci."

"Ka goge na wurinka?"

"Na so gogewa, ya cika min waya. Mantuwa niy yi."

Na ce Allah ya yi wa mantuwar nan albarka. Na kwafe shi. Babbar waya ce ta ɗauke shi, da sabon kodek irin wanda ƙananan wayoyi ba su sani ba. Na kunna a kwamfutata, hoton ya fito tas, har zanen gyalen Saratu ana gani. Amma kwamfutar tsohuwa ce, ta kasa warware shi da saurin da ya kamata. Sai ta nuna hoto, ta tsallake da yawa, ta nuna wani. Hannu yana sama, sai ka gan shi a ƙasa. Ga mai ji wannan ba komai ba ne. Ga Sahabi kamar a cire rabin kalmomin zance ne. Ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashin, ya girgiza kai.

Dole a juya shi, kuma a juya shi saɓanin yadda na saba. Na cire sautin gaba ɗaya, na ba hoto wurinsa. Na yanke gefe da gefe, bango da masu wucewa, na bar Saratu daga kai zuwa ƙugu. Ban rage ko hoto ɗaya daga yawan da ke wucewa ba, don yatsa ba ya jira. Na mayar da shi tsohon kodek da kowace na'ura ta sani, na kafa turaku a jere kusa da kusa. Na danna, layin aiki ya fara rarrafe.

Bai kai rabi ba inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta ba kwamfuta, ta fara kuka. Tun azahar hadari ya rufe rana, batirin ya zube. In wuta ta ɗauke, sai an faro daga farko, kuma ba wutar da za a faro da ita.

Ɗan Jumma ya tambayi mi ke kukan. Na gaya masa. Ya fita. Sai ga shi ya dawo rungume da batirin motarsa, hannunsa duk baƙin mai.

Na ce, "Direba, in na shanye shi motarka ba ta tashi."

"A tura ta. Ɗaura."

Munka haɗa wayoyin, kukan ya tsaya. Mu huɗu munka zuba wa layin ido.

Da ya gama na kunna, na ja kujerata baya, na ba Sahabi wuri. Yatsun Saratu sunka fito ɗaya bayan ɗaya, kamar tana tsaye a cikin shagon. Bello ya tsaya a bayansa yana fassara mana da ƙaramar murya.

"Ta ce Baba ina gaisuwa. Ta ce likita ya duba Inna, ya ce sai an yi aiki. An shiga da ita ɗaki. An yi mata allura..." Saratu ta rufe ido ta kwantar da kai a tafinta. "...ta yi barci. Barci na, Sahabi! An yanka, an cire abin, an ɗinke. Ta farka."

Sahabi ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya yi alama in koma baya. Na ja kaɗan, bidiyon ya sauka daidai inda yake so. Ya kalli allurar, ya kalli barcin, ya kalli idon Saratu yana buɗewa. Ya ce in sake. Na sake. Sannan ya sauka daga kujera ya kai goshinsa ƙasa a kan simintin shagona.

Bello yana share ido ya ce, "Tsaya, ba ta ƙare ba." Saratu ta nuna cikin gwiwar hannunta, ta ja yatsa a kan jijiya. Fuskar Bello ta canja. "Jini na. Ta ce Inna ta zubar da jini da yawa, an ƙara mata, bai isa ba. Likita ya ce a kawo 'yan'uwa su bayar, kada a wuce gobe." A ƙarshe wayar ta juya, ta bi ta wata ƙofa, ga Hajo kwance, ta ɗaga hannu da ƙyar. Duk wannan yana bayan wurin da wancan bidiyon ya daskare. Da mun tsaya a kansa, da zaman makoki za a yi a Wurno alhali matar tana can tana jiran jini.

A lokacin ba mai hankalin da ke hawa hanya in rana ta yi sanyi. Ɗan Jumma ya leƙa waje ya dubi sama.

"In mun tashi yanzu muna shiga gari da sauran haske. Wa za shi?"

Bello ya cire wuƙarsa daga ƙugu ya ajiye a teburina, ya ce in ba yaransa su rufe rumfa. Ya aika anka kira ƙannen Sahabi biyu daga maƙera. Wani mai sayar da buhuna da ke maƙwabtaka da ni, wanda ya ji komai ta taga, ya ce shi ma jininsa na da kyau. Anka mayar da batir, mota ta ce ba ta san zancen ba. Ni da samarin tashar nan da sunka matse bidiyon munka sa kafaɗa munka tura ta har ta yi tari ta kama. Sahabi na gaba, ya leƙo ta taga yana yi mini wata alama da ban gane ba, motar ta yi gaba.

Sun isa lafiya, an ɗibi jinin waɗanda nasu ya dace, har da na direban. Bayan kwanaki Hajo ta dawo gida.

Daga nan kurame sunka fara zuwa wurina, daga Rabah, daga Kagara, daga Goronyo. Sahabi ne ya yi ta turo su. Na koyi gaya musu yadda za su ɗauki saƙo don kada matsi ya cinye shi: su tsaya gaban bango marar ado, haske na gabansu ba bayansu ba, a jingine waya kada ta yi rawa, riga mai duhu don hannu ya fito. Su kuma sunka koya mini gaisuwa da hannu, suna yi mini dariya in na karkace. Na je Sakkwato na ba Alhaji Ummaru labari, lokacin idonsa ya fara rauni. Ya sa na maimaita masa yadda na cire sautin, ya ce shi bai taɓa tunanin wannan ba, in nuna masa yadda na yi. Yana da jikoki a lokacin, amma ya jawo kujera ya zauna kusa da ni.

Bayan an yi girbi, wata safiya, wata mata ta yi sallama a ƙofar shagona, tana dogara sanda, Saratu na riƙe da ita.

"Malam Nasiru, ni ta wadda tam mutu cikin waya," in ji ta. "Na zo in ga abin da idona."

Na ba ta benci na kunna mata. Na ɗauka ƙarshen take jira, inda ta ɗaga hannu. Amma a tsakiya ta ce in tsaya, in koma baya kaɗan, wurin maganar jini. Na koma. Ta matso da fuskarta. A hoton, yatsun Saratu na tafiya daidai ba gargada, amma hawaye na gangarowa a kumatunta har haɓa, ba ta tsaya sharewa ba don hannuwanta na aiki. Mu duk ranar ba mu lura ba, hannun muke kallo.

Hajo ta juyo ta dubi 'yarta. Saratu ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin gyale.

"Duk kwanakin da munka yi asibiti," in ji Hajo, "yarinyar ga ba ta taɓa kuka gabana ba. Dariya taka yi min." Ta kamo hannun Saratu ta riƙe a cinyarta. "Sake maido shi baya, Malam. In gani da kyau."